Shekarar da Aka Hana Inna Sahu

Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Zali, da Nomau ya shigo zaure ya miƙo mini hannu na bar hannunsa a rataye, na ga yadda kuka dubi juna. Na kuma ji abin da kuka ce bayan an watse, domin kunnena bai mutu ba tukuna. Wai Baba ya tsufa da riƙo, wai mutumin nan ɗan wansa ne, wai abin da ya wuce ya wuce. To, tunda ku ne masu yafe abin da ba ku aka yi wa ba, ku zauna ku san abin da kuke yafewa. Yawancinku kuna ƙanana a lokacin, manyan kuma kuna lekol, makarantar boko, a Dogon Dutsi, abin da ya kai kunnenku kawai shi ne an yi rigima a kan igiyoyin caji. Igiya dalili ce kawai. A kan kakarku aka yi rigimar, Inna Gomma, uwar da ta haife ni, da kuma abu guda da ta roƙa a duk rayuwarta, wato maza su jera sahu su yi mata salla ranar da ta mutu.

Inna a gidan bori aka haife ta. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma a Arewa in aka tona kakannin kowa ba a rasa irinta. Iskar uwarta ta gada, wato Doguwa. Ina yaro na ga ana yi mata goge, na ga mutane suna zuwa da baƙar akuya da jan zakara da farar kaza, cikinsu har da iyayen waɗanda suke ɗaga mana hanci yau. Amma akwai abin da ya tsaya mata a rai tun tana budurwa. Da uwarta ta mutu, babu malami ko ɗaya da ya leƙo. Aka kai ta bayan gari aka rufe shiru, kowa ya karkaɗe hannu ya koma gona. Inna ba ta cika ba da wannan labari ba, sai dai in aka fito da gawa maza suka jera, takan tsaya a ƙofar gida ta daɗe tana kallo.

Nomau ɗan wana ne. Ubansa ya rasu yana rarrafe, uwarsa ta yi aure a Tibiri, aka bar wa Inna shi. Ita ta tauna ta ba shi, a bayanta ya yi barci, a kan tabarmarta ya yi fitsarin kwance har ya yi wayo. Maigidana take ce masa, irin wasan kaka da jika, ta ce ya fita ya nemo cefane, shi kuma ya ce ya sake ta don ba ta da haƙora. Wata rana ya dawo daga makarantar allo ya ƙi tuwo, ya kifa kai a cinyarta yana kuka.

"Kaka, an ce wuta za ki. Ni ba ni son ki shiga wuta."

Saboda wannan kukan Inna ta bar bori. Ku yaran yanzu ba za ku san nauyin abin ba, kuna tsammani kamar barin cin goro ne. Ta tattara kayanta ta mayar wa danginta, suka ce mata iskar ba za ta bar ta da rai ba. Ta kuwa kwanta ciwo damina guda, ta rame har muka fid da rai, sa'an nan ta tashi. Hajo, matar limamin garinmu, ta zauna da ita ta koya mata alwala da Fatiha kamar ƙaramar yarinya. Harshenta yana karyewa, mata suna dariya, ba ta fasa ba. Daga nan har Nomau ya yi gemu ban taɓa ganin salla ta wuce Inna ba. Kuma duk sa'ad da ta ɗan ji jiki, magana guda take maimaita mini.

"Bawa, ba ni biɗak komi gare ka. Ran da nim mutu, a aje ni gaba, maza su jera su yi mini kabbara kamak kowa. Shi kenan."

Ni kuwa da gyaran rediyo na tashi, har salula ta shigo ta kashe mana kasuwa. Garinmu, can wajen Ɗan Kassari, babu kuran, wato wutar lantarki, har yau ma babu. Sai na sayi farantin ɗaukar hasken rana da batir, na kafa rumfa a ƙofar gida, mutane suna kawo salularsu caji. Kowa da igiyarsa yake zuwa, kuma igiyar caji ba ta da tsawon rai a ƙauye. A wuya take mutuwa, daidai inda ta haɗu da kan da ake cusawa. Mutum zai nannaɗe ta a jikin salula ya tura a aljihu ya hau jaki, yara su ja, akuya ta tauna, zafi ya busar da fatar ta tsage, sai ka ga siraran wayoyin ciki sun leƙo. Mun gwada salatif, rana ta narkar da shi ya zama danƙo. Mun gwada zare, mun gwada robar tayar keke. Wani har wurin baduku ya kai tasa aka ɗinke mata wuya da fata. Duk dai kwana kaɗan ne, sai a dawo ana cewa Bawa bai iya aiki ba.

Wani mai gyaran wutar mota a tashar Dogon Dutsi ne ya nuna mini maganin abin. Wata roba ce mai rami kamar bututu, in ta ji zafi sai ta tsuke. Za ka yanko ta yadda za ta ɗan zarce inda ya tsage, ka zura ta ta kan igiyar har ta rufe ciwon. In wayoyin ciki sun katse, su za ka fara haɗawa, ka raba kowace da 'yar'uwarta kada su taɓa juna. Sa'an nan ka kara robar kusa da zafi kana juyawa. Tana ji sai ta kama igiyar gam, ruwa ba ya shiga, ƙasa ba ta shiga, wuyan kuma ya yi ƙarfi ya daina lanƙwasa. In ka ninka wata a kai, igiyar sai dai ta mutu ta wani wuri. A ƙunshi ake sayar da ita, launi-launi. Shuɗiya da rawaya sirara ne, ba sa wuce kan igiya, ba su da amfani a wurina. Masu faɗin da ke yi mini aiki su ne baƙa da ja da fara. Ku riƙe wannan, domin ta nan masifar ta shigo.

Da ashana nake gasawa da farko. Iska tana kashewa, in ba ta kashe ba harshen wuta ya lashi robar ta huje. Inna tana zaune a gefen rumfa, gwiwoyi sun hana ta zuwa ko'ina, tana kallona ina ɓata kaya har ta gaji.

"Kai dai ba ka san wuta ba. Wa ka gasa abu ga halshenta? Ɗebo garwashi ga kasko, ka miƙo min nan."

Aka ɗebo, ta riƙe igiyar bisa garwashin tana juyawa a hankali kamar mai gasa masara. Robar ta kwanta sumul, babu ƙuna, babu ƙoƙo. Kafin ta huce sai ta danna bakinta da farcen babban yatsa don ta ji ko ta kama, farcen ya bar 'yar alama mai lanƙwasa. Duk igiyar da ta bi ta hannun Inna tana da wannan alama, ko cikin tuli zan gane ta. Daga ranar ni ke haɗa waya, ita ke gashi. Ita ce ma ta kawo dabarar launi, don mutane suna yawan faɗa a kan igiya, kowa ya ce tasa aka musanya. Ta ce a ba wannan ja, a ba wancan fara, a ba wani baƙa da ja a kai, kuma ba ta taɓa manta ta wane ce ba. Tsohuwar da ta zauna tana jiran mutuwa sai ga ta da aikin yi. Tana tsokanar samari, tana yi wa mata faɗa su daina ba yara igiya wasa. In babu kowa, leɓɓanta suna motsi, domin Hajo ta ce mata kada ta bar baki zaune, ta riƙa istigfari. Ban taɓa ganin Inna da farin ciki irin na wannan ranin ba.

Cikin ranin ne Nomau ya zo ganin gida. Ya zama ɗan kasuwa a Dutsi, ya shiga cikin samari masu sabon karatu, ya ɗage wando, ya ce daga yau sunansa Abdurrahman. Karatu ba laifi ba ne, kuma cikin abokansa akwai yara masu ladabi da har yau muke gaisawa. Inna dai ta ce bakinta ya tsufa da koyon sabon suna. Ta ga igiyarsa ta tsage a wuya, ta fizge, ta tona faifanta ta zaɓo ja.

"Maigidana sai ja, ango na. Kak ka bari wata ta gani ta ƙwace."

Ya yi dariya, ya ce Kaka ba ta gajiya, ya jira ta gasa, ya sa a aljihu. Da idona na gani.

Abin da ban sani ba shi ne, a Dutsi abokansa suna yi masa gori, suna ce masa jikan 'yar bori. Suna gina sabon masallaci a garinmu, kuma shi yake so a ba wa limanci. Wani cikinsu ya kawo caji, ya tarar da tsohuwa a sunkuye kan kasko, hayaƙi yana ɗan tashi, leɓɓanta suna motsi, ga faifai cike da baƙi da ja da fari. Da baƙo ne daga wata ƙasa, roba zai gani ya wuce. Amma ɗan Arewa ne, kakarsa ma ta yanka jan zakara, ya san launukan nan tun kafin ya san baƙaƙen allo. Kafin kasuwa ta zagayo gari ya ɗauka. Wai Gomma ta koma bori, wai tana ɗaure mutane a wuyan igiya, wai kullin da ke ƙarƙashin robar laya ce, kowane launi da iskar da aka haɗa mai shi da ita. Sai kowa ya fara tuna abin da ya same shi. Wannan ya ce tun da aka gyara masa igiya matarsa take mayar masa da magana, alhali tun ranar da aka kawo ta gidansa take mayar masa. Wancan ya ce salularsa tana zafi a aljihu. Wata ta ce akuyarta ta yi ɓari. Da na ji na yi dariya, na ɗauka shirme ne da zai wuce da kansa.

Nomau bai zo ya tambaye ni ba, bai tambayi matar da ta goya shi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar sabon masallacin, ya ce duk mai igiyar da ta bi ta hannun Gomma ya kawo. Gomma ya ce, gatsau, a gaban mutane. Aka tara masa tuli. Ya zauna da reza yana tsaga su ɗaya bayan ɗaya, yana ɓare robar yana yarwa. Na iso ina haki na tarar da aikin Inna na rani guda a warwatse cikin ƙasa, ga mutanen da suka zo suna yi mata godiya sun zagaye shi suna leƙe.

"Mi kag gani ciki?" na tambaye shi. "Ɗaga ka gwada ma mutane. Laya ta ko waya?"

"Baba, abin iska ba ido ka ganinai ba."

"To in ba a ganinai, mi kaka biɗa da reza?"

Ya ɗauki wata ya ci gaba. Babu wanda ya ce masa ya isa. Ana cikin haka sai ga Inna tana dogara sanda, uwarku tana riƙe da ita. Mutane suka buɗa mata, wasu har da ja da baya kada zanenta ya taɓa su. Ta tsaya a bakin tabarmar tana numfashi.

"Maigidana, ni ta. Dube ni."

Bai ɗaga kai ba. Yana kallon rezar ya ce:

"Tsohuwa, ki ji tsoron Allah, ki tuba tun kina da sauran rai. In kinka mutu bisa wanga hali, babu mai tsayawa bisa gawakki."

Ya san inda zai soka, domin a kan cinyarta ya girma, ya sha jin abin da take roƙo. Na ɗaga hannu zan mare shi aka rirriƙe ni. Har yau ina jin haushin waɗanda suka riƙe ni, da sun bari da watakila zuciyata ta fi haka sauƙi.

Washegari Liman Isa, mijin Hajo, ya zo gida. Mutumin kirki ne amma matsoraci. Samari sun riga sun kwashe masa rabin masallaci, yana tsoron su kwashe sauran. Ya zauna yana ta gyara rawani, ya ce abin mai sauƙi ne. Inna ta fito gaban jama'a ta ce ta tuba, a ƙone robar, ni kuma in rufe rumfa na ɗan lokaci, magana ta mutu.

"Liman, kai ka san ba ta yi komi ba," na ce masa.

"Na sani, Bawa. Amma kalma guda ta. Mi kalma guda ka rage ma mutum?"

Uwarku ta yi kuka ta ce mu karɓa. Ban ga laifinta ba, ita ce ke zuwa rijiya mata suna janye gugansu daga nata. Inna ta jira har Liman ya fita. Da ya fita ta kira ni kusa.

"In nic ce na tuba, na amsa na yi kenan. Sallad da niy yi dut shekarun ga ta zam ƙarya. Na tuba sau guda, don yaron ga, kuma Allah ya gani." Sa'an nan ta dube ni. "Amma kai ka ɗaukag gawata, Bawa. In kac ce in tahi, sai in tahi."

Ta bar mini maganar a hannu, kuma na san da na ce ta je, da ta je ko da rarrafe. Na dubi gwiwoyinta da suka kumbura. Na hango ta a durƙushe gaban yaron da ta wanke wa kashi, tana neman gafarar abin da ba ta yi ba, 'ya'yan matan da suka yi rawa tare da ita suna tsaye suna gyaɗa kai, shi kuma ya sami limancinsa a kan bayanta. Na ce mata ba inda za ta. Da safe na buɗe rumfa, na ɗebo garwashi da hannuna na ajiye mata. In an mayar da ni wannan rana, haka zan sake faɗa. Amma gaskiya ita ce a raina na ɗauka barazana ce kawai. Na ɗauka mutuwa tana sa mutane kunya, ban taɓa zaton akwai garin da zai ga gawar tsohuwa ya juya baya ba.

Rumfa ta yi shiru. Fulani masu wucewa da dabbobi da baƙi daga wajen Sukukutane su kaɗai suka rage mana. 'Yan gari kuwa suka koma sayen sabbin igiyoyi a kasuwa, suna mutuwa a wuya kamar yadda suka saba. Sai wasu suka fara zagayowa ta bayan danga, suna raɗa, wai a gyara musu amma da baƙar roba, don kada a gane. Ni na kore su. Inna kuwa in na juya baya sai ta karɓa ta gasa musu. Ta daina tsokanar kowa. Ba ta sake kiran sunan Nomau ba, tsohon ko sabon. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta daina yi mini maganar sahu. Ta yi zazzaɓi cikin damina, na zauna kusa da ita ina jira ta faɗi abin da ta saba faɗa, ba ta faɗa ba, ta juya fuska ga bango.

Bayan an gama yankan hatsi ta rasu, da hantsi, tasbaha a hannunta. Na fita na bi gida-gida. Wannan an ce ya tafi gona, wancan an ce cikinsa yana ciwo. A gidan Liman aka ce ya tafi Ɗan Kassari, ga takalmansa a bakin ɗaki. Kowa yana jiran ya ji abin da Nomau zai ce, shi kuma yana zaune a ƙofar masallacinsa da samarinsa. Kun san ni, kun san ban iya roƙo ba. To ku sani na roƙa. Na cire hula na durƙusa a gaban ɗan da na saɓa a kafaɗa, na ce ya manta da ni, ya tuna wadda ta bar iskar uwarta don kada ya yi kuka. Na ce ko bai yi sallar ba, ya ce wa mutane su je.

"Baba, tashi, kana ba ni kunya. Na hwaɗa mata tun tana da rai. Ba ni iya sake magana don tana kakata."

Na tashi na karkaɗe gwiwa. Hajo kaɗai ta fito, ta ratsa gari da rana tsaka ba ta tambayi mijinta ba, ta wanke Inna ta suturta ta. Allah ya jiƙan Hajo. Da aka fito da gawar, waɗanda suka tsaya bayana su ne wani Bafillace da ya kawo caji ya tarar da rasuwa, da mushen lekol, wato malamin makarantar, wani Bazabarme baƙo da bai daɗe da zuwa garin ba. Ni da ban taɓa jan salla ba ni na ja. Tsakanin kabbara da kabbara ina jin motsin mutane a bayan dangogi suna leƙenmu. Kafaɗu ba su isa ɗaukar makara ba, sai a amalanken jaki muka kai ta, kamar damin hatsi. Matar da ta yi shekaru tana tsayawa a ƙofar gida tana kallon sahun wasu, abin da ta samu kenan.

Sai ga wani abu da sai a garinmu. Mutanen da suka ƙi salla duk suka zo gaisuwa, domin ƙin gaisuwar mutuwa abin kunya ne a wurinsu. Suka cika zaure, suka zauna a tabarmina, suka sha furar da uwarku ta dama, suna ce mini sai haƙuri. Na zauna ina amsawa. Ranar sadakar uku Nomau ya zo da samarinsa. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya zauna kusa da ni kamar ɗa. Can sai ya ciro salularsa ya duba, ya ga ta mutu. Batir ɗina yana nan a kusurwar zauren. Ya matso ya rage murya.

"Baba, in ɗan sa sharji? Ana jirana ga waya."

Bai jira amsa ba, ya sa hannu a aljihu ya ciro igiya. Jar roba ce a wuyanta, sumul, babu ko ƙwarzane. Na karɓa na juya ta. Ga alamar farcen Inna a bakin robar. Zaure ya zuba wa igiyar ido, domin duk wanda ke wurin ya san launin, kuma rabinsu da hannunsu suka miƙa tasu aka tsaga.

"Wagga ba ka yanke ta ba?" na tambaye shi.

Ya dubi igiyar kamar yau ya fara ganinta. Ina tsammani ya manta ma da robar, ta daɗe tana yi masa aiki har ta zama ba komai ba a idonsa.

"Wagga orijinal ta, Baba. Ba a samun irinta ga kasuwa."

Ban mare shi ba. Wannan karon babu wanda ya riƙe ni, hannun ne kawai ya ƙi tashi. Ashe bai taɓa yarda akwai iska a cikin robar ba. Ya kwana da ita a aljihu, ya yi salla da ita, ya tsaya a gaban mutane da ita ya hana su binne kakarsa. Na nannaɗe igiyar na sa a aljihuna, na ce masa ya tashi ya bar mini zaure. Ya tashi. Babu wanda ya bi shi da magana, babu kuma wanda ya ba ni haƙuri, ɗaya bayan ɗaya suka lallaɓa suka nemi takalmansu. Kafin damina ta dawo na kwance farantina na kwashe ku muka koma Dogon Dutsi, na bar gonar ubana ga masu aro. Shi kuwa ya sami limancinsa, yana nan yana ja har yau, kuma na ji an ce muryarsa tana sa mata kuka.

Igiyar da kuke gani a gefen gadona, wadda kuke ce mini in yar ku sayo mini sabuwa, ita ce. Kan ya sha canji, jikin ya sha ɗauri, amma wuyan nan bai taɓa motsi ba. Duk kiran da kuka yi mini shekarun nan, ta inda Inna ta gasa wutar ta bi. Ban hana ku gaisawa da Nomau ba, jininku ne, ku ci abinci da shi in kuna so. Amma ga nawa roƙon, kuma shi kaɗai ne. Ranar da na mutu ku ajiye ni gaba ku tsaya, ko ku kaɗai ne. In ya zo, kuma zai zo, zai ma gyara riga ya nufi gaba, ku tare shi da ladabi. Ku shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya zauna ya kalla har a gama.